Linzamin Jamus ko na maƙera: wanne ya dace da bakin dokina?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Marwa ne. Ina da ingarma kili ɗan shekara biyar, na sayo shi bara daga wajen Bogo. Da shi nake hawan salla cikin tawagar unguwarmu, ranar Juma'a da Lahadi kuma nakan fita kilisa da yamma. Linzaminsa irin namu ne na maƙera, mai zobe. Wata uku ke nan da ya fara kaɗa kai yana buɗe baki da zarar na taɓa kamazuru, sau biyu kuma na ga jini a yawunsa. Wani abokina da ke Faransa ya ce zai aiko mini da linzamin Jamus na Sprenger, kuɗinsa Yuro 120, wajen sefa dubu 79 ke nan. A kasuwa kuwa na ga na Turawa masu ƙyalli ana sayar da su dubu 5 zuwa 8. Shin mai tsadar nan zai raba ni da wannan matsala, ko asarar kuɗi ce? Kuma mene ne bambancin waɗannan linzamai da ake ta kawowa iri-iri?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba kili lafiya. In na fahimce ka, abu biyu kake son sani: me ya raba wannan linzami da wancan, sannan ko kuɗin da ake zubawa a kan masu suna yana biya a bakin doki. Na tashi a Garwa, a gidan da ba a taɓa rasa doki a turke ba, daga baya na yi karatun lafiyar dabbobi, yau shekara ashirin da 'yan kai ina buɗe bakin dawakin mutane tsakanin Garwa, Gidar da Marwa. Da abin da na gani a wannan aiki zan ba ka amsa. Amma kafin komai, ka ce wa abokinka ya dakata da sayen, kai kuma ka zare linzamin nan daga bakin dokin tun yau. Jini a yawu rauni ne, rauni kuwa ba ya warkewa ƙarfe na gogarsa, ko da ƙarfen na zinariya ne.

Inda ƙarfen yake kwanciya

Ka ɗaga leɓen dokinka ta gefe ka duba. Tsakanin haƙoran gaba da turame akwai fili da ba haƙori, sai fiƙa guda in namiji ne. Nan linzami yake kwanciya, a bisa harshe. Dasashin ƙasa na wannan fili ƙashi ne mai tsini-tsini, fatar da ta rufe shi siririya ce ƙwarai, ba tsoka a tsakaninsu. Ka danna ƙashin ƙwaurinka da gindin cokali, abin da ka ji shi doki yake ji a wurin. Mutane da yawa suna ɗauka cikin bakin doki kogo ne mai faɗi. Ba haka ba ne. In ya rufe baki, harshe ne ya cika wurin har ya taɓa ganɗa, duk abin da ka cusa sai harshen ya matsa ya ba shi wuri.

To, kowane linzami a duniya wurare shida yake iya matsawa: harshe, dasashi, gefen leɓe, ganɗa, haɓa da ƙeya. Abin da ya raba su shi ne wane wuri ya fi matsawa, da ƙarfin da yake ƙara wa hannunka, da kuma saurin sakinsa in ka sassauta. Wannan na ƙarshe mahaya ba su cika kula da shi ba, alhali da shi doki yake koyo. Doki yana gane ya yi daidai ne a lokacin da matsi ya ɗauke. Linzamin da ya cije bai saki ba bayan ka sassauta hannu, ba abin da ya koya masa sai tsoro.

Shekarun dokinka su suka fara jan hankalina. Doki yakan fara famfarar haƙoran gaba yana da shekara biyu da rabi, ya ci gaba a uku da rabi, ya ƙarasa wajen huɗu da rabi. Fiƙar namiji kuma tana tsirowa tsakanin shekara huɗu da shida, dab da inda linzami yake zama, dasashin wurin yakan kumbura ya yi zafi. Akwai kuma wani ɗan haƙori kamar ƙwayar wake da dawaki da yawa suke da shi a gaban turmin farko na sama. Ba ya taunar komai, amma in ƙarfe ya buge shi doki yakan zabura kamar an soke shi. Bayan wannan, turamen doki ba sa daina fitowa, kusan milimita 2 zuwa 3 kowace shekara, muƙamuƙinsa na sama kuma ya fi na ƙasa faɗi. Saboda haka gefen turamen sama da ke kallon kumatu yakan yi kaifi, na ƙasa kuma ta wajen harshe. Dawakinmu na turke da ke cin dawa da dusa fiye da ciyawa sun fi saurin yin wannan kaifi, don ba sa niƙa da faɗi kamar mai kiwo a fadama. Kana jan kamazuru, kumatu ya matsu a kan kaifin, sai jini.

Akwai wani dattijo a Gidar da ya canza wa dokinsa linzami har huɗu cikin damina ɗaya, kowanne ya fi na baya tsada. Ranar da na sa hannu a bakin dokin sai na tarar da gyambo a cikin kumatunsa na dama, tsawon ɗan yatsa. Muka goge kaifin haƙoran, aka hutar da shi kwana goma sha biyar, aka mayar masa da linzaminsa na farko, ya daina kaɗa kai. Irin wannan na gani ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba.

Gida uku na linzami

Duk yawan sunayen da ke cikin kundin 'yan kasuwa, gida uku ne.

Gida na farko shi ne wanda ba shi da ƙafa, wanda masu jin Faransanci ke kira file. Zobe ne a kowane gefe da ƙarfe a tsakiya, kamazuru yana ɗaure a zoben. In ka ja da nauyin kilo biyu, kilo biyu ne zai isa baki, ba ƙari. Wani ƙarfensa miƙaƙƙe ne, wani yana da gaɓa ɗaya a tsakiya, wani gaɓa biyu da ɗan dunƙule mai kamar ƙwallon dabino a tsakaninsu. Mai gaɓa ɗaya in aka ja yakan naɗe ya matse harshe da gefen dasashi. An daɗe ana cewa tsinin gaɓar ganɗa yake soka, amma a shekarun 1980 wata likitar dawaki mai suna Hilary Clayton ta ɗauki hoton cikin bakin doki da na'ura yana sanye da linzami, ta ga cewa in an ja, ƙarfen cikin harshe yake nutsawa, yana nisantar ganɗa. Inda gaɓar take taɓa ganɗa shi ne in linzamin ya yi wa bakin faɗi, ko an bar shi ya sauko ƙasa da yawa. Mai gaɓa biyu ya fi bin tudun harshe, ni shi na fi zaɓa wa yawancin dawaki. Zoben gefe kuma iri-iri ne. Mai juyawa a cikin rami yana ba doki damar wasa da ƙarfen, sai dai yana iya tsunkule leɓe in ramin ya cinye. Wanda aka kafe ba ya motsi sosai, ya dace da doki mai ɗoki. Mai sanduna sama da ƙasa yana tura fuska in za a juya, ba ya kuma zarcewa ta cikin baki, don haka yana da kyau wajen horon duƙushi.

Gida na biyu shi ne mai ƙafa da sarƙar haɓa. Nan lissafi ya shigo. A ce tsawon ƙafar daga ƙarfen baki zuwa inda kamazuru ya ɗauru santimita 12 ne, daga ƙarfen zuwa sama inda sarƙa ta maƙale kuma santimita 4. In ka ja da kilo 5, a lissafin takarda sarƙar za ta matse haɓa da kilo 15, ƙarfen da ke cikin baki kuma ya danna da wajen kilo 20. Kai kana jin ka taɓa kaɗan, shi yana jin an ɗora masa rabin buhu a dasashi. Shi ya sa hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ta ƙayyade cewa a gasar horo ƙafar kada ta wuce santimita 10. Ƙa'idar sarƙa ita ce ta fara kama haɓa lokacin da ƙafar ta karkata zuwa digiri 45, wato rabin kusurwa. In ta yi sako-sako linzamin zai juye a baki, in ta yi tsauri doki ba ya samun gargaɗi kafin zafi. A wannan gida akwai Felam, wanda 'yan folo suke yawan amfani da shi, mai wurin ɗaura kamazuru biyu, na sama mai sauƙi, na ƙasa mai ƙarfi. Wasu na wannan gida suna da ƙusumbi a tsakiyar ƙarfe don a ba harshe wuri. Amma in harshe ya shige ƙusumbin, ƙarfen kai tsaye kan ƙashin dasashi zai sauka. A ƙasar Aisland an duba bakin dawakin gasa a 2012, aka tarar mai ƙafa da ƙusumbi shi ya fi kowanne jawo rauni a dasashi.

Gida na uku shi ne namu, kuma a kansa zan daɗe, don shi ne a bakin dokinka.

Linzami mai zobe

Ƙirarsa ka sani: ƙarfe mai dogon harshe da ke kwance a bisa harshen doki, zoben ƙarfe yana maƙale a kansa daga cikin baki ya zagayo ƙarƙashin haɓa, ga ƙafafu a gefe. In ka ja, abu uku ke faruwa lokaci guda. Harshen ƙarfen ya tashi ya doki ganɗa, zoben ya damƙe muƙamuƙin ƙasa, ƙarfen kuma ya danne dasashi. Buɗe bakin da kake gani ba taurin kai ba ne, gudun abin da ke sokar ganɗarsa yake yi.

Wannan ƙira daga Arewacin Afirka ta zo mana tare da dawakinsu da sirdinsu, irinta ce kuma Sifaniyawa suka kai Meziko da Cile, har yau ana samunta a can. Kayan yaƙi ne. Barde yana riƙe da mashi ko takobi a dama, hagu kaɗai ke ga kamazuru, yana bukatar doki ya tsaya cak daga sukuwa, ya juya a wuri ɗaya. Abin da muke yi a gaban Lamiɗo ranar salla, a sako dawaki a guje a zame su a ƙofar fada, gadon wannan ne. Ba na cikin masu cewa a jefar da shi. Na ga tsofaffin mahayan fada a Garwa da Rai Buba waɗanda kamazurunsu yake lilo tun daga fita har dawowa. Dokin yana karanta nauyin jikinsu da taɓin kamazuru a wuyansa, linzamin gargaɗi ne kawai, da wuya ya kai ga cizo. A hannun irin waɗannan, bakin dokin da ya shekara goma ana hawansa za ka same shi lafiya lau.

Inda abin ya lalace wuri biyu ne. Na farko maƙera. Da can maƙeri yakan zo barga ya duba dokin kafin ya hura wuta. Yanzu ana ƙera su rututu a kai kasuwa, awo ɗaya ga kowane baki, wani da guntun rodi, wani da ƙarfen da ba a san asalinsa ba, ba a bi gefunan da magagari ba. Harshen ya yi tsawo da tsini, zoben siriri kamar waya, in ya yi tsatsa ya zama kamar zarto. Na biyu hannun samari. Yaro yana son jama'a su ga dokinsa ya yi tabarya ya miƙe da ƙafafun baya, sai ya fizgi kamazuru yana sukar ciki da ƙaimi. Gaba an rufe, baya an kora, ina dokin zai nufa in ba sama ba? Kwana biyu bayan kowace salla nakan ga sakamakon: harshe da aka yanka kusan rabi, gyambo a ƙarƙashin haɓa, ƙashin dasashi da ya yi ƙulli wanda ba zai koma daidai ba har abada. Wannan abu yana ci mini rai, domin dabbar da ta ɗauke ka ta fita kunyarka a bainar jama'a ba ta cancanci haka ba.

Kada kuma a ce doki ba ya tsayuwa sai da ƙarfe mai zafi. Mutanen ƙabilar Musai na wajen Gobo da Gunu-Gaya sun daɗe suna hawan ƙurunsu na kwarin Logon ba sirdi, ba ƙarfe a baki, suna farauta a kansu cikin sukuwa. Horo ne yake tsayar da doki.

Kauri da faɗi

Nan ne mafi yawan masu sayen linzamin waje suke faɗawa rami. An saba cewa mai kauri shi ne mai sauƙi. Gaskiya ne siriri yana yanka, amma mai kauri da yawa yana hana doki rufe baki, ya takure harshe. A Finlan an duba dawaki 208 bayan gasar tsallake-tsallake a daji, aka sami sabon rauni a bakin kashi 52 cikin 100. Waɗanda linzaminsu siriri ne, milimita 10 zuwa 13, da masu kauri, 18 zuwa 22, sun fi samun rauni mai tsanani a kan masu matsakaici, 14 zuwa 17. Masu wannan bincike sun kuma duba dawakin tseren keke 261, kashi 84 cikin 100 suna da rauni, cikin linzaman da suka fi yin ɓarna har da miƙaƙƙen nan na filastik da ake tallarsa a matsayin mai taushi. Ka lura, waɗannan dawakin Turai ne, masu su ba kayan araha suke saya ba.

Dawakinmu kuwa ƙanana ne a kan nasu, bakinsu siriri. Yawancin waɗanda na auna santimita 11.5 zuwa 12.5 suke ɗauka, kauri kuma milimita 14, in ya yi yawa 16. A kantunan Faransa kuwa har da 13.5 da 14.5 ake sayarwa, na manyan dawakinsu. Wani ɗan kasuwa a Garwa ya taɓa kawo mini linzami mai suna da ya sayo a tafiya, 14.5 mai kaurin 18, don wani bidi mai ɗan ƙaramin baki. Ƙarfen yana zamewa hagu da dama, gaɓar tana hawa kan dasashi. Kaya mai kyau, ba aibi a ƙirarsa, amma linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Ba kuma halin mayarwa.

Ƙarfen da aka yi shi da shi

Masu ƙyallin nan na dubu 5 da ka gani, galibinsu baƙin ƙarfe ne da aka yi wa wankan kurom ko nikel. Wata shida a bakin doki wankan zai fara ɓarewa, gefen ɓawon kuwa reza ne. Wasu kuma zubi ne mai ramuka a ciki, suna iya karyewa a gaɓa ana tsakar sukuwa. A nan araha ba ta ado, haɗari ce ma ga mahayi. Kada ka saya.

Na sama da su shi ne inoks, ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda aka gano a Shefil ta Ingila a 1913. Na ƙwarai ana rubuta masa 18/8, wato kurom kashi 18, nikel kashi 8. Ba ya ɓarewa, ba ya tsatsa a damina, yana shekara goma ko fiye. In za ka kasuwa ka tafi da maganaɗisu. In ya manne wa mai ƙyalli gam, mai yiwuwa wanka ne, inoks 18/8 ba ya kama shi sai dai kaɗan.

Akwai na baƙin ƙarfe da ake barinsa ya yi 'yar tsatsa da gangan don doki yana son ɗanɗanonta. Kamfanin Bombers na Afirka ta Kudu da shi ya yi suna. Ka ga ke nan ƙarfen maƙeranmu ba shi ne matsala ba, tunda irinsa ake sayarwa da tsada. Gyaran fuska da awo su ne suka raba su. Sai haɗin jan ƙarfe. Wanda ake kira azurfar Jamus ba azurfa a cikinsa ko kaɗan, jan ƙarfe ne da nikel da zinki. Aurigan na Sprenger jan ƙarfe ne kashi 85, ba nikel, daga baya kuma suka fito da Sensogan. Haɗin jan ƙarfe ya fi inoks taushi, saboda haka ya fi saurin cinyewa, sai ana duba ramukan zobe a kai a kai. Roba da filastik kuwa ba na ƙasarmu ba ne. A hunturu bakin doki yana bushewa, roba ta riƙa kama leɓe tana saɓule shi, zafin Maris da Afirilu da ke haura digiri 40 kuma yana sa filastik ya yi saurin tsagewa, ingarma ya tauna shi ya bar kaifi. Ko na ƙarfe ne, kada a rataye shi a rana, ka taɓa shi da bayan hannu kafin ka sa.

Me kake biya a mai tsada?

Ba zan ce maka yaudara ce ba. Sprenger tsohon kamfani ne, tun 1872 yake aiki a garin Izalon na Jamus, ya kuma yi aiki da jami'ar likitan dabbobi ta Hanoba wajen auna cikin bakin dawaki. Sanannen linzaminsu, KK Ultra, ɗan dunƙulen tsakiyarsa gajere ne, an karkata shi digiri 45 don ya kwanta lumui a harshe in an ja. Myler na Amurka ya lanƙwasa ƙarfen ya sa ganga a tsakiya don kowane gefe ya yi motsi shi kaɗai. Neue Schule na Ingila yana da nasa haɗin ƙarfe da ƙira iri-iri. In ka riƙe ɗaya a hannu za ka ji bambanci: santsi ko'ina, gefe biyu daidai wa daida, lambar awo da aka buga a jiki gaskiya ce. Wannan aiki ne, yana da kuɗinsa. Sauran kuɗin kuwa na suna ne, da talla, da albashin Turai, kai kuma ka ƙara na jirgi da na duwan, wato kwastan.

Ga yadda nake kallon abin. Tazarar da ke tsakanin na wanka da inoks na ƙwarai babba ce, ta lafiya ce da rai. Tazarar da ke tsakanin inoks na ƙwarai da mai suna, in ƙirarsu da awonsu ɗaya ne, ƙarama ce, dawaki da yawa ba sa nuna sun san an canza. Na gwada wannan a bargar wani maigidana da ke da duka biyun, mako guda wannan, mako guda wancan. A doki ɗaya kawai na ga canjin da zan iya rantsuwa a kai, wata goɗiya mai kaurin harshe da ganɗa a ƙasa-ƙasa, wadda ta natsu da siririn mai lanƙwasa. Ana cewa jan ƙarfe yana kawo yawu, amma kumfa a baki ba shaidar jin daɗi ba ce. Dokin da ya kasa haɗiye yawu saboda an takure masa harshe shi ma kumfa yake yi.

Mai tsada yana cin kuɗinsa a wuri uku: in bakin dokin yana bukatar wata ƙira ko awo da ba a samu a na tsakiya, in leɓensa yana yin ƙuraje da ƙarfe mai nikel, wanda ba kasafai ake gani ba, ko in hawa sana'arka ce kullum kuma hannunka ya kai matsayin da ɗan bambanci yake fitowa. Mai kilisa sau biyu a mako da hawan salla sau biyu a shekara ba ya cikin waɗannan, sai in binciken baki ya nuna wani abu. Ka kuma sani ana yin jabun masu suna, har da tambari.

Abin da zan yi da kili nawa ne

Mako biyu ba ƙarfe a baki. In zai motsa jiki, a ja shi da ragama. Safe da yamma a kurkure masa baki da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri. Cikin waɗannan kwanaki ka nemo likitan dabbobi wanda ya saba da dawaki, ya buɗe bakin da abin buɗewa ya haska fitila har turamen ƙarshe, ya goge kaifi, ya duba fiƙa da ɗan haƙorin nan. Kai kada ka zura hannu can ciki, turmin doki yana datse yatsa. In wani ya ce maka ganɗarsa ta kumbura bayan haƙoran gaba, a tsaga ko a yi mata lalas, ka ƙi. A ƙaramin doki wannan tudu halitta ce, yana sauka da kansa.

In ya warke, ka auna. Ka sami sanda mai santsi kaurin ɗan yatsa, ka sa a inda linzami yake zama, ka yi alama a gefen leɓe hagu da dama, ka auna da ma'aunin tela. In zobe mai juyawa za ka saya, ka ƙara rabin santimita a kowane gefe. Da wannan awo abokinka zai iya sayo maka file na inoks mai gaɓa biyu, kaurin milimita 14, daga na tsakiyar farashi, abin da bai kai sulusin kuɗin wancan ba. In ya iso ka shafe shi da ɗankwali mai santsi, duk inda zare ya maƙale nan zai yanki baki. Ka kuma ɗora shi a cikin gwiwar hannunka wani ya ja zoben, ka ji abin da yake yi. Tsayinsa a baki shi ne ya taɓa gefen leɓe ya yi 'yar tattara ɗaya, kada ya bugi fiƙa.

Ga gargaɗi mai muhimmanci. Dokin da ya saba da mai zobe zai iya raina file a farko, ya ɗauke ka a guje. Kada ranar farko ta zama a titi ko cikin taron dawaki. Ka fara a fili mai shinge, da tafiya. Ka zauna da nauyinka, ka yi masa murya, ka matse yatsu a kamazuru, da zarar ya tsaya ka saki nan take. Sau ashirin, sau talatin a yini, sannan a sassarfa, sukuwa sai can gaba. Mako shida yakan isa ga doki mai hankali.

Ranar hawa kuwa, in kana son ka fita da na gargajiya don ya dace da sauran kaya, ka kai shi wurin tsohon maƙeri, in da hali ka kai masa dokin ya gani. A rage tsawon harshen ƙarfen a mulmule kansa, a canza zoben da mai kauri wanda yatsa zai shiga tsakaninsa da haɓa, a bi ko'ina da magagari har ya yi santsi, a rage ƙafafun in sun yi tsawo. Ɓangaren zoben da ke taɓa haɓa a naɗe shi da fata mai laushi, ku a Marwa ba ku rasa dukawa ba. Bayan kowane hawa a wanke shi a shanya a inuwa, kada kuma a yi aronsa tsakanin dawaki ba wanki, don majina da ciwon baki suna bin ƙarfe.

Ban ga dokinka ba, baki kuwa ba a duba shi daga nesa. Kaɗa kai yana iya fitowa daga kaska a kunne, ko sirdi da ke cin baya, ko ciwon ƙafa da yake ɓoyewa. Ga yadda za ka rarrabe: cikin mako biyun nan, in aka hau shi da ragama a fili mai shinge ya ci gaba da kaɗa kai, to a bincika kunne da baya da ƙafafu. In ya natsu, matsalar a baki take. Ka aiko mini da awon da ka samu da abin da likitan ya gani, musamman ko ƙashin dasashin ya yi ƙulli, domin in ya yi, zan ba ka shawarar wata ƙira dabam wadda ta fi dogara ga harshe.